Exorcist II: ina aka samu matsala ne jama'a?

Dan_Fagge77:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na zauna na kalli Exorcist II: The Heretic, wanda ya fito a 1977, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Na farkon, The Exorcist na 1973, na kalle shi ya fi sau biyar, kuma duk ranar da na kalla sai na kwana da fitila a kunne. Shi ya sa na daɗe ina neman na biyun. Da na samu sai na kashe fitila, na rufe ƙofa, na shirya wa tsoro. Wallahi kusan awa biyu gabana bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ga Linda Blair ta dawo a matsayin Regan, yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta a na farko, ta zama budurwa, ga Max von Sydow ya sake fitowa a Fada Merrin, limamin cocin da ya zo korar shaiɗanin, ga Richard Burton, ga James Earl Jones. Duk manya ne, kuma kamfanin Warner Bros ya zuba kuɗi. To ina aka samu matsala? Ni a ganina an ci amanar na farko, kuma tun asali bai kamata a yi wannan fim ba. Wanda ya kalla ya faɗa min, ko ni ne ban gane ba.

UmmuSadiq:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne ɗan'uwa. Ni daga wurin da likitar nan ta ɗaura musu wayoyi a goshi, fitila tana walƙiya, wai ta haka mutum zai shiga cikin tunanin wani, daga nan zuciyata ta fita daga fim ɗin. Daurewa kawai na yi na kai ƙarshe.

Bash_KD:
Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda Friedkin, mutumin da ya yi na farko da irin wannan gwaninta, zai dawo bayan shekara huɗu kacal ya yi wannan. Kamar ba shi ba.

Malam_Silima:
Bash, ai ba shi ba ne. William Friedkin bai sa hannu a na biyu ba, haka shi ma William Peter Blatty da ya rubuta littafin a 1971 ya kuma rubuta labarin fim na farko. Ita ma Ellen Burstyn, wadda ta fito a uwar yarinyar, ta ƙi dawowa, shi ya sa aka ce a cikin labarin ta yi tafiya wajen aikin fim, aka bar Regan a hannun Sharon, mataimakiyar uwar a fim na farko. Lee J. Cobb da ya fito a ɗan sandan nan Kinderman ya rasu a 1976. Ka ga tun kafin a kunna kyamara an rasa ginshiƙan gidan.

Wanda ya ba da umarni John Boorman ne, ɗan Ingila. Ba ƙaramin darakta ba ne, shi ya yi Deliverance a 1972. Amma ga inda gizo ke saƙar: Boorman ba ya son fim na farko. An taɓa yi masa tayin ya yi shi ya ƙi, don a ganinsa labari ne na azabtar da ƙaramar yarinya a gaban jama'a. Da aka kawo masa na biyu sai ya karɓa da niyyar ya mayar wa na farko martani, ya yi fim a kan alheri da warkarwa. Su kuma masu sayen tikiti tsoro suka je saye. Wani marubuci William Goodhart ya fara rubuta labarin, Boorman da abokin aikinsa Rospo Pallenberg suka yi ta sauya shi har ana cikin ɗauka ana gyaran rubutu. A tsakiyar aikin kuma Boorman ya kwanta da wani zazzaɓi mai tsanani, aka tsayar da ɗauka makonni. Linda Blair ma ta ce ba za ta sake yarda a yi mata kwalliyar fuskar shaiɗan ɗin nan ba, sai wata aka samo ta tsaya a madadinta a waɗannan wuraren.

Dan_Fagge77:
Malam na gode, wannan bayani ya warware min rabin damuwata. Amma ya ƙara min wata. Ta yaya za ka ɗauki marayan wani ka miƙa wa mutumin da ya fito fili ya ce ba ya ƙaunar uban? Ai dole albasa ta ƙi yin halin ruwa.

Hafsat_Damagaram:
Ni fa zan saɓa muku, ku yi haƙuri. Na kalle shi sau biyu kuma ina sonsa. Na yarda ba ya ba da tsoro, amma tambayar da ya ɗauko babba ce. Me ya sa a cikin duk yaran duniya sai wannan yarinyar shaiɗanin ya zaɓa? Na farko bai amsa ba. Na biyu ya ce saboda tana cikin mutanen da aka yi wa baiwar warkar da wasu, kuma sharri ya fi kai hari inda alheri ya yi yawa. Ku tuna wurin da Regan ta zauna kusa da ƙaramar yarinyar nan da ba ta magana a asibitin, ta yi mata magana a hankali, yarinyar ta buɗe baki, uwarta ta shigo ta ji muryar 'yarta. Ni wurin nan hawaye na yi. Sannan kiɗan da Ennio Morricone ya yi wa fim ɗin, musamman mai sanyin nan da muryar mace, har yau ina saurarensa.

UmmuSadiq:
Hafsat 'yar'uwa, kiɗan kam ban musa miki ba. Amma amsar nan da kika yaba ita ce ta kashe min fim ɗin. Abin da ya sa na farko yake kama uwa irina shi ne yarinyar ba kowa ba ce. 'Yar shekara 12 ce mai zane-zanenta da wasanta, kamar 'yata, kamar 'yar maƙwabciyata. Idan zai iya samunta, zai iya samun kowa. Da aka dawo aka ce ai ita ta musamman ce, sai na ji hankalina ya kwanta, to ni ina ruwana, 'yata ba ta musamman ba ce. Kuma ina Fada Karras? Mutumin da ya ce wa shaiɗanin ya shige shi ya bar yarinyar, ya faɗo ta taga ya gangara matakalar nan ya mutu saboda ita. A na biyu kusan an shafe shi, duk maganar Merrin ake yi. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai.

Baba_TudunWada:
Yarana, bari tsoho ya sa baki. Ni a kaset ɗin bidiyo na fara ganin na farkon, a gidan wani abokina, mu wajen goma a falo, shekarun 1980. Da aka gama babu wanda ya yarda ya tafi gida shi kaɗai, biyu-biyu muka riƙa raka juna. Abin da na lura da shi tun a lokacin, yawancin abin tsoron a ɗaki ɗaya yake faruwa, a saman bene, a bayan ƙofa ɗaya. Duk sanda uwar ta kama hawa matakala zuwa ƙofar nan sai cikinka ya ɗuri ruwa. Ɗakin ma da gaske suka sanyaya shi, hucin da kuke gani yana fita daga bakin 'yan wasan ba dabara ba ce. Na biyun kuwa yau kana New York, gobe kana Afirka, jibi kana Washington, kana tafe a bayan fara kana shawagi a sama. Tsoro ba ya son fili, wuri matsattse yake so. Ummu Sadiq ta faɗi gaskiya a kan Karras. Ciwon mutuwar mahaifiyarsa da shakkar da ta shige shi a kan imaninsa su ne zuciyar fim na farko.

Sabo_Agege:
Ni wani abu daban ne ya tsaya min. Yaron nan da Merrin ya cire wa shaiɗan a Habasha, wanda ya girma James Earl Jones ya fito a matsayinsa, sunansa Kokumo. Jama'a, Kokumo sunan Yarbawa ne. Na tashi a cikinsu, na yi makaranta da mai wannan suna. Suna ne da ake sa wa yaron da aka haifa bayan uwar ta yi ta haihuwa suna mutuwa, ma'anarsa wannan ba zai sake mutuwa ba. Me ya kai sunan Yarbawa tsaunukan Habasha? Tsakanin Legas da Addis Ababa tafiyar awa biyar ce a jirgin sama. A wurinsu Afirka duk ƙauye ɗaya ce.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ikon Allah, ashe irin namu ne na 'yan wabi. Kamar yadda ake sa wa yaro Ajuji ko Ayashe don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko Allah Ya sa ya tsaya. Kakata Ayashe ake ce mata, ita ce ta bakwai a wurin uwarta kuma ita kaɗai ta rayu. Malam Sabo, idan ka duba ma'anar sunan ya dace da yaron da ya tsira daga hannun shaiɗan. Wataƙila da sani suka zaɓa, ƙasar ce kawai suka ɓata.

Auwal_Addis:
Na zauna a Habasha shekara uku ina karatu, don haka wannan ɓangaren ya fi taɓa ni. Ba a can aka ɗauki wuraren ba. Yawancinsu a cikin situdiyon kamfanin a California aka gina su, wasu kuma a hamadar Arizona, shi ya sa sararin samaniyar yake ja-ja kamar an shafa masa fenti. Abin da suka kwaikwaya kuwa gaskiya ne. A yankin Tigray akwai coci-coci da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Akwai Abuna Yemata Guh da sai ka cire takalmi ka hau tsauni da hannu da ƙafa kafin ka kai, akwai gidan ibadar Debre Damo da ake hawa da igiya. Ga kuma na Lalibela da aka fafe daga dutse ɗaya. Mutanen nan sun karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, kafin yawancin Turai, suna da rubutunsu na Ge'ez da littattafansu. Mu ma Musulmi mun san ƙasar, can Sahabbai suka yi hijira ta farko wurin Najjashi. Amma a fim ɗin sai aka nuna su kamar taron mutanen da ba su san komai ba sai ihu da jifa, Bature ya zo ya fi su sanin addininsu. Abu ɗaya da zan yaba shi ne da aka nuna Kokumo a ƙarshe masanin kimiyya ne cikin farar riga a ɗakin bincike. A 1977 ba kasafai ake nuna baƙar fata ɗan Afirka haka ba.

Issoufou_Tawa:
Ku kuna maganar shaiɗan, ni farar ce ta hana ni sakewa. Wanda bai taɓa ganin farar ɗango ta sauka a gona ba zai ga kamar wasa ne. A 2004 ina yaro a ƙauyenmu a jihar Tawa ta zo mana. Da rana tsaka gari ya yi duhu-duhu, ƙararta kamar ruwan sama a kan kwano. Muka fita da gwangwanaye da ganguna muna kaɗawa, mata suna kaɗa zannuwa, ana ƙona ciyawa don hayaƙi. A banza. Gero ya fara kai, kafin gari ya waye sai kara tsaye. Shekarar da ta biyo, 2005, kowa a Nijar ya san irin yunwar da aka sha. Mahaifina ya sayar da shanunsa biyu a kuɗin da bai kai na ɗaya ba. To da na ga wurin da yaron yake tsaye a gona yana juya wani abu a igiya sama da kansa don ya kori farar, mutanen gari suna bayansa, jikina ya yi sanyi. Ni a wurina nan ne fim ɗin ya ba da tsoro, tsoron da na sani.

Injiniyan_Gona:
Allah Ya kiyaye na gaba, Malam Issoufou. Kuma abin mamaki, bayanin da Kokumo ya yi a kan fara yana da tushe. Ya ce gogayyar jikinsu da juna ce take haukata su su zama runduna. Haka abin yake. Farar hamada idan tana ita kaɗai ba ta da wata ɓarna, gudun 'yan'uwanta ma take yi. Idan aka yi ruwa ciyawa ta fito suka hayayyafa, sannan wuri ya fara bushewa suka matsu a ɗan abin da ya rage, sai ƙafafunsu na baya su riƙa gogar juna. Cikin 'yan awanni halinsu ya sauya, daga baya launinsu ma ya sauya, manyan su koma rawaya. Wani masani Boris Uvarov ne ya gano tun 1921 cewa mai zaman kaɗaici da mai tafiya a runduna ƙwaro ɗaya ne. A 2009 masu bincike a Ingila suka nuna sinadarin serotonin ne yake tashi a jikinsu ya kawo sauyin. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini. Ita kanta Habashar ta sha wannan bala'i a 2019 da 2020 tare da Kenya da Somaliya. Boorman ya so ya ce mutane ma haka suke, sharri yana yaɗuwa ta cuɗanya, sai an samu wata fara ta gari da gogayyar ba ta sauya ta, ita ce Regan. Tunanin yana da kyau. Isar da shi ne ya gagara.

Zee_Maiduguri:
Mu nan soya ta ake yi da yaji ana sayarwa a bakin titi, kuma ina ci. Shi ya sa ko kaɗan farar ba ta ba ni tsoro ba sai da na karanta abin da Issoufou ya rubuta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan yunwa.

Abu_Huzaifa:
'Yan'uwa ina da nasiha. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, akwai sura guda da sunansu. Ba abin nishaɗi ba ne. Mutum ya zauna tsakar dare shi kaɗai ya kashe fitila yana neman abin da zai firgita shi, sannan ya kwanta ba azkar, me yake nema wa kansa? Kuma ku lura da yadda fim na farkon ya buɗe da kiran salla a Iraƙi, daga nan aka tono gunkin shaiɗanin. Ni wannan bai yi min daɗi ba, kamar ana danganta abin da ƙasar Musulmi.

Bitrus_Wusasa:
Malam Abu Huzaifa, na fahimci damuwarka kuma ina girmama ta. Wurin da aka ɗauka Hatra ne, tsohon birni kusa da Mosul, kuma gunkin na mutanen da suka rayu ne tun kafin zuwan Almasihu, balle Musulunci. Ni na ɗauki kiran sallar a matsayin nuna cewa wuri ne na masu ibada, amma na san kowa da yadda zai ji shi.

Abin da nake so in ƙara shi ne ta ɓangarenmu. Ni ba ɗan Katolika ba ne amma matata can ta taso. A cocinsu ba kowane fada ne yake da izinin korar aljani ba, sai bishop ya ba shi, kuma sai likitoci sun duba mutum an tabbatar ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne. Addu'o'in suna cikin wani littafi da aka tsara tun 1614, aka sabunta shi a 1999. Fim na farko ya bi wannan tsari sau da ƙafa, Karras ya je neman izini, aka ce a kira Merrin saboda ya taɓa yi a Afirka. Daga wannan 'yar maganar ma aka ciro duk labarin na biyu. To a na biyun Fada Lamont, wato Burton, an aike shi ya binciki mutuwar Merrin, sai ya ajiye addu'a ya koma ga na'ura, a ƙarshe ma da hannu ya farke ƙirjin shaiɗanin da ya fito a siffar Regan ya ciro zuciya. Wane mai imani ne zai ga wannan ya ji an taɓa abin da ya yarda da shi? Na farko ya ɗauki addini da gaske, shi ya sa Musulmi da Kirista duk yake kama su.

Nas_Rabi:
Maganar Bitrus ta likitoci ta sa dole in yi magana. Ina aiki a ɓangaren masu taɓin hankali shekara tara. Sau da yawa sai an gama yawo da mara lafiya wurin masu ruƙiyya da masu magani, wani an ɗaure shi, wani an yi masa dūka wai aljanin ake dūka, sai ya galabaita sannan a kawo mana. Wata yarinya farfaɗiya ce kawai take damunta, shekara biyu ana cewa iska ce, da aka ɗora ta a kan magani ta koma makaranta. Ban ce a bar addu'a ba, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. A haɗa biyun. Kuma don Allah kada wani ya ga na'urar fim ɗin nan ya zaci akwai irinta a asibiti. Babu wata na'ura da take shigar da likita cikin mafarkin mara lafiya. Louise Fletcher da ta fito a likitar ba ta daɗe da karɓar kyautar Oscar ba a lokacin, amma rawar da aka ba ta a nan ba ta da ƙashi.

Abu_Huzaifa:
Malama Rabi, a kan dūka da ɗauri ina tare da ke ɗari bisa ɗari, wannan ba ruƙiyyar shari'a ba ce, zalunci ne. Ruƙiyya karatun Alƙur'ani ce da addu'o'in da suka tabbata, kuma neman magani umarni ne. Malam Bitrus na gode da bayani cikin mutunci. Nasihata dai tana nan, wanda zai kalla ya yi azkar ɗinsa.

Dan_Fagge77:
Na karɓi nasiha Malam, Allah Ya saka. Amma mu dawo kan tambayata. Shin a lokacin da ya fito mutane sun karɓe shi, mu ne yanzu muke ganin laifinsa saboda zamani ya wuce?

Malam_Silima:
Ko kusa. A watan Yunin 1977 ya fito, kuma tun daren farko labari ya ɓaci. Mutane sun cika silima saboda sunan na farko, sai aka koma dariya a wuraren da aka shirya don tsoro, wasu har da jifan allo. Blatty da kansa ya ba da labarin cewa ya je kallo a Washington kuma shi ya fara fashewa da dariya. Friedkin ya ce kusan rabin awa ya iya gani, kuma har ya rasu a 2023 bai sassauta a kan fim ɗin ba. Boorman ya koma ya yanke wasu wurare ya sauya ƙarshen alhali fim ɗin yana kasuwa, shi ya sa za ku ga iri biyu, mai minti 118 da mai minti 110. An kashe kusan dala miliyan 14, ya kawo kusan miliyan 30. Ba a yi asarar uwar kuɗi ba, amma a gwada da na farko da ya shiga takarar Oscar a rukuni 10 ya ci 2, kuma kuɗin da ya tara har da sake fitar da shi da aka yi ya haura dala miliyan 400.

Sai dai Hafsat tana da manyan abokan ra'ayi. Babban daraktan nan na Amurka Martin Scorsese ya fito ya ce a wurinsa na biyun ya zarce na farko. Pauline Kael, wadda ake ji da ita a sharhin fina-finai a Amurka a wancan lokacin, ita ma ta fifita shi saboda kyawun hotunansa.

Bash_KD:
Na gode da gyaran da aka yi min a sama. Wani abin da ya dame ni shi ne sunan shaiɗanin, Pazuzu, da suke ta maimaitawa. A na farko ban tuna an kira sunansa ba ko sau ɗaya, gunkin kawai muka gani yana fuskantar Merrin, karnuka suna faɗa a gefe. Rashin sanin ko wane ne shi ya fi tayar da hankali. A na biyu Burton yana ta kiran sunan da ƙarfi, har sunan ya zama ba komai.

Auwal_Addis:
Bash haka ne, a littafin ne aka ambace shi. Kuma mutanen Mesofotamiya na da, wato Iraƙin yau, sun ɗauke shi sarkin aljanun iska ne, amma suna rataya hoton kansa a wuyan mata masu ciki don ya kore musu wata aljana Lamashtu da suka yi imani tana kashe jarirai. Akwai ɗan gunkinsa na tagulla a gidan tarihi na Louvre a Faransa. Ka ga shi ma daga Iraƙi aka ɗauko shi aka kai Habasha, kamar yadda aka ɗauko Kokumo daga ƙasar Yarbawa.

Hafsat_Damagaram:
Duk na ji, kuma maganar Ummu Sadiq ta cewa yarinyar ba kowa ba ce ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma ku amsa min wannan. Da a ce an cire sunan Exorcist daga kansa, an sa masa wani suna, an ce ga fim a kan wani fada mai raunin imani da yarinya mai baiwa da farar ɗango, za ku tsane shi haka? Ni ina ganin sunan ne ya jawo masa.

UmmuSadiq:
Da ba sunan, da ban kalla ba tun farko. Su suka ci kuɗin sunan, dole su ɗauki nauyinsa. Kuma ko da wane suna ne, wurin da Sharon ta cinna wa kanta wuta a ƙofar gidan ban ga dalilinsa ba har yau. Mace mai hankali a na farko, aka mayar da ita haka ba bayani.

Sadiq_Editor:
Ina aikin tace fina-finai a Kano, kuma wannan ciwon mun san shi. Fim ya karɓu, sai mai kuɗi ya ce a yi ci gaba, alhali labarin ya riga ya ƙare. Marubuci ya zauna yana neman ƙofar da zai sake shiga, sai ya koma yana bayanin abin da ba wanda ya tambaya. Ta fuskar aikina kuwa, ana ganin ɗinkin na biyun a fili. Za ka ji an yi magana a wani wuri da ba a shimfiɗa ta a baya ba, alamar an yi ta sauya rubutu ana ɗauka. Amma hotunan tafiyar farar nan a sama, a 1977 ba kwamfuta, duk wanda ya san aikin zai sara musu.

Zee_Maiduguri:
To wanda yake son ci gaba na gaske wanne zai kalla?

Malam_Silima:
Ki nemi na uku, na 1990. Blatty ne ya ba da umarni da kansa, daga littafinsa Legion na 1983, George C. Scott ya fito a Kinderman. Ya yi kamar na biyu bai taɓa faruwa ba, kuma ya dawo da maganar Karras. Akwai wani wuri a barandar asibiti da dare, kyamara tana tsaye wuri ɗaya tsawon lokaci, ba zan faɗa miki abin da ya faru ba. Shi ma kamfani ya tilasta masa ƙara wurin korar aljani a ƙarshe don ya dace da sunan. Na 2023 kuwa, Believer, wanda Ellen Burstyn ta dawo a cikinsa bayan shekara 50, shi ma bai samu karɓuwa ba, duk da an ba da rahoton cewa dala miliyan 400 aka biya don mallakar damar yin sababbin.

Baba_TudunWada:
Na ukun nan ban taɓa gani ba, sai jikana ya nemo min. Hafsat 'yata, tambayarki ta tsaya min a rai. Ina jin da wani suna ne da na kalle shi da sanyin zuciya. Amma ban tabbata zan kai ƙarshe ba.

Dan_Fagge77:
Ni dai har yanzu ina kan bakata cewa an ci amanar na farko, musamman a kan Karras. Amma Issoufou da Injiniya sun sa zan sake kallon wuraren farar da wani ido. Malam Silima, wanda na kalla jiya Lamont ya fita da rai shi da Regan suna tafiya a cikin ɓaraguzan gidan. Wannan mai minti 118 ne ko ɗayan?

Malam_Silima:
Mai 118 ka kalla, shi ne na asali. A ɗayan an sauya makomar Lamont.

Hafsat_Damagaram:
Ni ma wannan na gani sau biyun. Wanda yake da mai minti 110 don Allah ya yi min magana, ina so in ga yadda aka ƙare shi.